Sun Yi Mini Ca Saboda Kejin Ƙadangarena

Tambaya: Malam, ina kiwon ƙadangaren Ostiraliya mai gemu. Na nuna wa tsofaffin masu kiwo hoton kejinsa, sai suka yi mini ca, wani har cewa ya yi ban cancanci riƙe dabba ba tunda babu fitilar UVB, wato mai ba da wani nau'in haske irin na rana wanda ido ba ya gani. In rabu da su ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba su kyauta maka ba, kuma abin yana min ciwo. Sabon shiga da aka kunyata yakan daina tambaya, dabbarsa ce ke shan wahalar shirun nan.

Sai dai kan fitilar suna da gaskiya. Da hasken UVB fatar ƙadangare ke samar da bitamin D3, wanda jiki ke buƙata don ɗaukar sinadarin kalsiyam. In babu, ƙashi yakan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa. Ajiye shi bakin taga ba ya wadatarwa, domin gilashi na tare wannan hasken. Nemi fitilar cikin makon nan.

Mai zagin kuwa, kada ka tanka masa. Nemi mutum ɗaya mai haƙuri cikinsu ka riƙa tambayarsa a keɓe, ka kuma kai ƙadangaren wurin likitan dabbobi ya duba ƙashinsa.