Amsa: Oslo zuwa Bergen a mota kafin hawa jirgin ruwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwana ɗaya zai ishe ku tuƙi daga Oslo zuwa Bergen a ƙasar Norway kafin ku hau Hurtigruten, jirgin ruwan da ke bin gaɓar tekun ƙasar. Zai isa, amma ni da zan ba ka shawara, ku ware kwana biyu ko uku. Hanyar E16 kusan kilomita 500 ce, kuma a yawancin wurare ba a wuce gudun kilomita 80 a awa, tarar kuwa ba sauƙi.

Ku bi ta Hønefoss ku shiga dazuzzukan Valdres, ku kwana a Fagernes. Washegari in kun gangaro daga tsaunin Filefjell, ku tsaya a Borgund ku ga majami'ar katako da ta haura shekara 800 tana tsaye. Bayan Lærdal akwai ramin mota mai tsawon kilomita 24.5 a cikin dutse, an buɗe shi a 2000. Da rani, ga masu son kallo, akwai tsohuwar hanya ta saman dutse zuwa Aurland. Ƙunci gare ta, amma ni ita na fi so.

A yi hattara da magariba, lokacin ne manyan namun daji ke tsallaka titi. Naman halal ku saya tun a unguwar Grønland ta Oslo, ƙauyuka sai kifi. Ka tambayi kamfanin hayar mota kuɗin bar musu motar a Bergen maimakon mayar da ita Oslo, yana da tsada. Jirgin da dare yake tashi, amma don Allah ku kwana a Bergen tukuna, kada gyaran hanya ya sa ya tafi ya bar ku. Allah Ya kai ku lafiya.