Tambaya da Amsa: Ina zan leƙa a Legas?

Tambaya: Malam, ni mai fataucin shanu ne daga wani ƙauye kusa da Maigatari. Nakan kai shanu mayankar Oko-Oba a Agege, amma ban taɓa ganin teku ba. In na sayar, ina zan leƙa kafin in juyo? Daga wani mai karatu, Jigawa.

Amsa: Alhaji, ka fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A nan aka ajiye motar Janar Murtala Mohammed, wadda aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ga ramukan harsashi a jikinta. Duk mutumin ƙasar Kano da Jigawa, wannan kaɗai ya ishe shi dalilin zuwa. Daga Agege kuma sai ka bi ta gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ka ga ruwa hagu da dama.

Teku kuwa, ka shiga kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay. Daga bakin yashin za ka hango manyan jiragen ruwa masu nufar tashar Apapa. Ka nemi rigar kariya kafin ka hau, kuma don Allah kada ka shiga ruwan ya wuce gwiwa. Igiyar teku ba ta kogin Haɗejiya ba ce.

Badagry na da tarihin cinikin bayi, sai dai da nisa, ga cunkoso. Kuɗin shanunka ka zuba su a banki tukuna.