Dillali ko Manzo? Amsar Tambayoyi Biyu Kan Manhajojin Saƙo

Wani mai rubuta manhaja ya tambaya: "Malam, manhajar da ke tsayawa tsakanin manhajoji biyu tana karɓar saƙo daga wannan ta miƙa wa waccan, irin su IBM MQ da RabbitMQ, wane suna ya dace da ita, manzo ko dillali?"

Ni dai dillali na zaɓa. Manzo mutum ɗaya ne ya tashe shi, ya san wurin wanda zai je, ya isar ya dawo. Ga kuma nauyin addini da kalmar take ɗauke da shi, wanda bai kamata a ɗora wa na'ura ba. Shi kuwa dillali, asalin aikinsa shi ne ɓangarori biyu su yi hulɗa ba tare da sun haɗu ba. Haka IBM MQ take tun fitowarta a 1993 da sunan MQSeries, haka ma RabbitMQ da ta zo a 2007. Mai aikawa ya ajiye saƙo a layi ya kama gabansa, ko da mai karɓa a kashe yake. Saƙon na nan a ajiye har ya tashi ya ɗauka. Bambancin kawai, wannan dillalin ba ya ciniki kuma ba ya cin la'ada, amana ce kurum a hannunsa. Saboda haka a ce "dillalin saƙo".

Wata kuma ta ce: "Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. To ashe wannan fasaha ta saɓa wa karin maganar?"

A'a, 'yar'uwa, ba ta saɓa ba. Abin da ya sa magabata suka faɗi haka shi ne ɗan aike yakan manta, ya makara, ya ƙara ko ya rage. Waɗannan ɗin su ne ainihin abubuwan da ake gwadawa kafin a saki manhaja: ko saƙo ya ɓace, ko ya iso sau biyu, ko na baya ya riga na gaba.

Isowa sau biyu ta fi ba ni tsoro. Manhaja ta karɓi umarnin cire kuɗi, ta cire, sai ta mutu kafin ta aika wa dillali shaidar karɓa. Dillali bai ji komai ba, sai ya sake turo saƙon, a cire wa bawan Allah kuɗi karo na biyu. Shi ya sa mai gwaji na ƙwarai da gangan yake kashe manhajar a daidai wannan gaɓar, ya ga ko za ta gane lambar saƙon ta ƙi maimaita aikin. Ya kuma jefa mata gurɓataccen saƙo, ya tabbatar an ware shi zuwa layin saƙonnin da suka gagara, bai tsaya ya toshe wa na bayansa hanya ba.