Tambaya da Amsa: Me ya haɗa furotin ɗin zafi da makarɓan homon?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun harhaɗa magunguna. An koya mana cewa homon irin su kotisol suna shiga cikin ƙwayar halitta su haɗu da makarɓinsu, wato furotin ɗin da ke karɓar homon ya isar da saƙonsa, kuma kafin homon ya iso, makarɓin yana manne da wani furotin mai suna Hsp90, wanda ake lissafa shi cikin furotin ɗin da tsananin zafi ke tayarwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya kawo furotin ɗin zafi a jikin da ba ya zazzaɓi? Kuma shin aikinsa tsare makarɓin ne kawai don kada ya motsa kafin lokaci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ɓangaren farko na tambayarki tarihi ne ya haifar da shi. A 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa idan zafi ya yi wa tsutsar wani ƙaramin ƙuda yawa, wasu wurare a jikin zaren gadonta kan kumbura, alamar cewa wasu ƙwayoyin gado sun farka. A 1974 aka ga furotin ɗin da suke samarwa, aka riƙa ambatonsu gwargwadon nauyinsu, shi ya sa kike jin Hsp70 da Hsp90 (Hsp taƙaitawa ce ta sunan furotin ɗin zafi da Turanci, lambar kuma nauyin ce). Daga baya ya bayyana cewa zafi ƙara yawansu kawai yake yi. Ko a ƙwayar halittar da ke zaune lafiya, Hsp90 yakan kai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na dukkan furotin ɗinta, kuma aikinsa na kullum shi ne taimaka wa wasu furotin su naɗe cikin siffar da za su iya aiki da ita.

Ɓangare na biyu ya fi nauyi. Kotisol da aldostiron da testostiron da istrojin da furojestiron duka daga kolestirol jiki yake ƙera su, kuma da yake dangin maiƙo ne, suna ratsa fatar ƙwayar halitta su sami makarɓinsu a ciki. Tun shekarun 1960 masu bincike suka ga cewa makarɓin da bai haɗu da homon ba ya fi nauyi ƙwarai, wato akwai abin da ke liƙe da shi. A tsakiyar shekarun 1980 ɗakunan binciken Étienne-Émile Baulieu a Faransa da na David Toft da William Pratt a Amurka suka nuna cewa abin nan Hsp90 ne. Fahimtar farko ita ce wadda aka koya miki, cewa yana tsare makarɓin har homon ya zo ya sake shi, kuma akwai gaskiya a cikinta, domin muddin makarɓin kotisol yana manne da shi ba ya kama DNA, alhali ta kama DNA ne yake yin aikinsa.

Sai dai a ganina wannan bayani ya bar rabin da ya fi muhimmanci. Da tsaro ne kaɗai aikinsa, da an rage Hsp90 sai makarɓin ya shiga aiki ba tare da homon ba. A 1990 Didier Picard da abokan aikinsa suka gwada wannan a cikin yis, suka rage yawan Hsp90, sai aka sami akasin haka: makarɓan ba su kama aiki da kansu ba, kuma ko da aka ba su homon amsarsu ta yi rauni. Haka kuma idan aka raba makarɓin kotisol da Hsp90 a kwalbar gwaji, nan da nan yake rasa ikon riƙe homon. Dalili kuwa shi ne gurbin da homon ke shiga yana binne ne a can cikin furotin ɗin, kuma idan babu komai a cikinsa ba ya tsayawa daram. Hsp90 kamar mai riƙe bakin buhu yake, wanda in ya saki, bakin ya rufe tun ba a zuba komai ba.

Kuma ba shi kaɗai yake wannan aiki ba. Hsp40 da Hsp70 ne suke fara kama makarɓin, su ɗan warware wani sashe nasa, a wannan hali kuwa ba ya iya karɓar homon. Sai wani furotin mai suna Hop ya haɗa Hsp70 da Hsp90 a miƙa makarɓin. Hsp90, wanda yake aiki bibbiyu, yakan ɗauki ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta ƙarfin aiki, ya rufe a kan sashen da aka miƙa masa, wani furotin mai suna p23 kuma ya zo ya daidaita wannan riƙo, a nan ne makarɓin yake komawa siffar da homon zai zauna a cikinta. Idan homon bai zo ba, haɗin yakan wargaje a sake zagayen. Hotunan da ɗakin binciken David Agard na San Francisco ya fitar da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, a farkon shekarun 2020, sun nuna waɗannan matakai filla-filla.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wasu mataimaka biyu masu kama da juna, FKBP51 da FKBP52, waɗanda suke gasar wuri guda a jikin Hsp90 amma tasirinsu ya saɓa. FKBP52 yana ƙarfafa aikin makarɓin, yana kuma haɗa shi da dainin, furotin ɗin da ke jan kaya a kan siraran bututun cikin ƙwayar halitta zuwa cibiyarta, inda DNA yake. FKBP51 kuwa rage wa makarɓin jin kotisol yake yi, kuma kotisol da kansa ne yake sa a ƙara samar da shi, ta haka ƙwayar halitta take taka wa kanta birki. Wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka suna yawo da kotisol mai yawan gaske a jininsu ba tare da ya cutar da su ba, kuma yawan FKBP51 a jikinsu yana cikin manyan dalilai. Ɓerayen da aka cire wa FKBP52 kuma, matansu ba sa ɗaukar ciki saboda mahaifarsu ba ta amsa furojestiron yadda ya kamata.

Ki lura cewa makarɓan ba su zama ɗaya ba. Na kotisol yana jira ne a waje da cibiya, alhali na istrojin galibi a cikin cibiyar yake tun kafin homon ya zo.

Tunda magunguna kike karanta, ga inda batun ya shafe ki. Prednisolone da dexamethasone ta wannan makarɓi na kotisol suke aiki, don haka su ma sun dogara da wannan shiri. A 1994 aka gano cewa geldanamycin, wani sinadari da ƙwayar bakteriyar ƙasa ke samarwa, yana kama Hsp90, daga baya aka ga cewa mazaunin ATP yake toshewa. Idan hakan ta faru, makarɓan da suka rasa mai riƙe su sai ƙwayar halitta ta narkar da su. Wannan ya sa aka yi fatan amfani da shi a kan sankarar mama da ta furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), waɗanda da yawansu suke girma da istrojin ko testostiron, amma geldanamycin yana lahanta hanta, kuma Hsp90 yana yi wa ɗaruruwan furotin hidima, saboda haka toshe shi ba ya tsayawa a kan ƙari kaɗai. Sai a 2022 Japan ta amince da wani maganin wannan rukuni mai suna pimitespib, shi ma don wani nau'in ƙari na ciki da hanji.