Amsa: Sai na je bakin teku kafin in ɗauki hoton tsuntsayen ruwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dole sai ka sauka Duwala a kudancin Kamaru, bakin kogin Wuri kusa da teku, kafin ka samu tsuntsayen ruwa masu kyan launi. A'a wallahi, tunda kana Marwa, abin yana kusa da kai.

Ka fara da tafkin Maga, wanda aka datse a 1979 don noman shinkafa, da fadamun kogin Logone zuwa gandun dajin Waza. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa na janyewa, kifi ya taru a kududdufai, sai ka ga zalɓe da balbela da gauraka cunkus, ga kuma tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai. Ni gauraka ta fi burge ni: tukku ruwan zinare, kumatu fari da ja.

Ka isa da asuba, rana na bayanka. Ka durƙusa har idon kyamara ya yi daidai da idon tsuntsun, don hoton da aka ɗauka a tsaye ba ya da rai. Gilashin kyamara mai jawo nesa na 300mm zuwa 400mm ya isa, saurin ɗaukar hoto kuma 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri idan suna tashi. Farar balbela tana ƙonewa a hoto, wato haske ya yi mata yawa, ka rage haske kaɗan. Ranar da hazo ya yi kauri, ka matsa kusa ko ka haƙura.

Don Allah kada ka tayar da su daga sheƙa saboda hoto. Ka nemi masunci ya kai ka da kwalekwale, kuma ka binciki yanayin tsaro kafin ka nufi Waza.