Mudun Amurka da bakin ɗan Zariya

Wasiƙun wannan makon kamar an haɗa baki, duk a kan maganar yara suka tsaya. Masu tambayar injin markaɗe da firiji na hannu ku yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

"Gwaggo, ɗana shekararsa uku da wata huɗu. Kare yakan ce masa tare, ruwa kuma luwa. Uwar mijina ta ce linzami ne, a kai shi wurin wanzami ranar Asabar a yanke. Wallahi na kasa barci." Uwar ɗa ɗaya, Tudun Wada.

'Yata, kwantar da hankalinki ki yi barci. Yaro ba ya kama baƙaƙe duka rana ɗaya. Na leɓe, irin su b da m, su ne na farko, shi ya sa baba da mama ke saurin fita. R kuwa tana cikin 'yan baya a harsuna da yawa, mu har iri biyu gare mu: ta ruwa daban, ta tara da ke bin takwas daban. A 2018 wasu masana biyu, McLeod da Crowe, sun tattara binciken da aka yi a kan yara a harsuna 27, suka ga sai wajen shekara biyar yawancin baƙaƙe ke zama daram a bakin yaro. Naki da sauran lokaci.

Batun linzami kuma, ɗanki da kansa ya ba da amsa. Linzami kan harshe yake riƙewa. K daga can bayan harshe take fita, t kuma da kan harshe ake yin ta. Yaron da ya ce tare ya nuna miki kan harshensa yana ɗagawa lafiya. Ki shafa masa ɗan zuma a leɓen sama ki ga ko zai lashe. Linzami na gaske yana faruwa, amma likita ke dubawa ya yanke hukunci. Aska a ƙarƙashin harshe wuri ne mai jijiyoyin jini, ga haɗarin sarƙe-haƙora da ciwon hanta in ba a tsabtace ƙarfe ba. Kada ki yi musu da Hajiya. Ki tura maigidanki ya roƙe ta a fara ganin likita, in so samu ne ma a tafi tare da ita.

"Gwaggo, 'yata mai shekara biyar tana wata makarantar kuɗi. Sun kawo wani mutum ya gwada yaran. Ya nuna mata hotuna da Turanci na kamar minti ashirin, ya rubuto cewa ta ci 72, wai matsalar furuci ce mai tsanani, mu biya naira dubu 150 na darasin wata uku. A gida Hausa muke yi, kowa na gane maganarta har kakarta. In biya?" Malamin makaranta, Samaru.

Malam, riƙe kuɗinka tukuna.

Irin wannan gwaji ba ƙarya ba ne, ƙwararrun gyaran magana suna aiki da shi a duniya. Littafi ne na hotuna. Kowane yaro hotuna iri ɗaya ake nuna masa, a jere ɗaya, da umarni iri ɗaya. Yana faɗin sunan abin, mai gwaji yana rubuta yadda kowane baƙi ya fito, a farkon kalma, a tsakiya, a ƙarshe. Sai a ƙirga kurakurai a kwatanta da na ɗimbin yara sa'anninsa da aka gwada lokacin da ake tsara littafin. Matsakaicin maki 100 ne, daga 85 zuwa 115 ana ɗauka lafiya lau. Shi ya sa 72 ta tayar maka da hankali. Wanda ya fi shahara, Goldman-Fristoe, ya fito a Amurka a 1969, bugu na uku a 2015. Ingila ma suna da nasu.

To su wane ne sa'annin nan da aka kwatanta 'yarka da su? In littafin Amurka ne, yaran Amurka ne masu jin Turancin Amurka tun daga nono. Kai mai zuwa kasuwar Samaru ne, ka san in an ce maka masara mudu goma, tambayar farko ita ce da wane mudu. Nan ma haka.

Duba bakinmu. Bahaushe ba ya raba p da f, shi ya sa muke cewa fensir, famfo, fasinja. Ba mu da v, ba mu da wannan sautin da Bature ke sa harshe tsakanin haƙora. Ba mu fara kalma da baƙi biyu a manne, sai mun cusa wasali, daga nan muka sami burodi da sufana. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Duk waɗannan littafin Amurka zai ƙirga su a matsayin kuskure, alhali yarinya ba ta yi komai ba illa magana da bakin iyayenta. A ɗaya ɓangaren kuma, abin da ya kamata a saurara a bakin ɗan Hausa babu shi a littafin ko kaɗan: ko tana raba kafa da ƙafa, bata da ɓata, saya da tsaya, da da ɗa, ga karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka gwajin yana iya ɗora wa lafiyayye ciwo, ya kuma tsallake mai ciwon gaske.

Na taɓa zama a gefe ana yi wa jikar maƙwabciyata irin wannan. Aka buɗo hoton injin zuƙe ƙura na lantarki. Yarinya ta ƙura masa ido, ta juyo ta kalli uwarta, ta ce a hankali, "Mama, inji ne?" Ba ta taɓa ganin abin ba, tsintsiya ta sani. Da aka fita waje ta ba ni labarin yadda akuyarsu ta haihu, tiryan-tiryan, ban ce mata ta maimaita ko kalma ɗaya ba.

Ka koma ka yi wa mutumin tambayoyi. Da wane littafi ya gwada, kuma yaran wace ƙasa aka auna da shi? Ya saurare ta da Hausa? An gwada jinta? Ya leƙa cikin bakinta, harshe da ganɗa da haƙora? Ya bar ta ta yi hira, ko kalma ɗaiɗai kawai? Ya gwada ko tana iya kwaikwayon baƙin in ya faɗa mata? Ƙwararre na kirki duk zai yi waɗannan, kuma shi zai fara gaya maka cewa makin Amurka ba hukunci ba ne a kan mai harshe biyu. Matsalar furuci ta gaske tana bayyana a harsunan yaro duka biyu. Wadda ta tsaya a Turanci kaɗai aikin malamin aji ce. Ka kuma nemi ganin lasisinsa. Akwai hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, MRTB, an kafa ta tun 1988. Wanda ya ji haushin tambayar lasisi ya riga ya ba ka amsa.

"Gwaggo, wanne ya fi kyau, maganin buɗe baki na kwalba da ake tallarsa da lasifika a kasuwar Sabon Gari, ko ƙwayar da ake tallatawa a Facebook wadda aka ce daga waje take? Ɗana ya shekara huɗu, baƙi ba sa gane maganarsa." Wani uba, Kwangila.

Malam, wannan tambaya ta ɓata mini rai. Ka ba ni zaɓi tsakanin rami biyu ka ce in nuna maka mai taushi. Babu ruwan kwalba ko ƙwaya da ke koya wa harshe inda zai tsaya. Furuci koyo ne, da kunne ake ji, da baki ake gwadawa, a yi ta maimaitawa.

Na riƙe irin kwalbar nan a hannuna a gidan wata 'yar'uwata. Tsohuwar robar lemo ce, takardar jikinta an manna da gam har ta karkace, babu adireshi, babu ranar lalacewa. An rubuta tana maganin tsamin baki, in'ina, fitsarin kwance, mantuwa da rashin ƙoƙari a makaranta. Roba huɗu ta saya kafin ta kai ɗanta asibiti, ashe kunnensa ne ya daɗe yana tara ruwa. Ko da kun ga lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai lasifika ya lissafa, balle wanda babu lambar ko ta jabu ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki a kan kwanon shinkafa, ya zuba a tafin hannu ya duba tsakuwa, shi ne zai miƙa kuɗi ba tambaya a kan abin da zai ɗura wa ɗansa a ciki. Ana cewa kuɗin mota zuwa asibiti ya yi yawa, a kuma kashe ninkinsa a kan roba. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Watannin da ake ɓatawa su ne ba a mayarwa, domin shekarun nan kafin yaro ya shiga aji ɗaya su ne gyara ya fi kamawa, kuma yaron da ya shiga makaranta da rikitaccen furuci yakan sha wahalar karatu da rubutu.

Ɗan shekara huɗu ya kamata baƙo ya gane kusan duk abin da yake faɗa, saboda haka naka yana bukatar dubawa yanzu. Ka fara da gwajin ji. Ka tuna ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, ko ya yi sanƙarau, ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko an sha yi masa allurar jentamaisin a kemis, duk suna iya taɓa ji, ka gaya wa likita. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Su za su tura ka wurin mai gyaran magana.

"In saya wa 'yata ƙaramar kwamfutar hannu mai koyar da magana?" Amarya, Gyallesu.

A'a, ƙanwata. Allo ba ya jin kuskurenta balle ya gyara. Ki zaunar da ita kusa da ke kina gyaran alayyafo kina hira da ita. In ta ce tofa, ki ce "i, ƙofa ce, rufe ƙofar," ba tsawa, ba dariya, kuma ki hana yayyenta kwaikwayonta.

"Gwaggo, 'yata shekara shida, maganarta ta hanci take fita. Tana jaririya nono kan dawo mata ta hanci. Leɓenta lafiya lau. Ina jin tsoro." Uwa, Kofar Doka.

'Yata, kin kyauta da kika tuna batun nonon nan, shi ne abu mafi muhimmanci a wasiƙarki. Akwai tsagar da ke ɓuya a rufin baki, can ciki, wani lokaci ma fata ta lulluɓe ta, leɓe kuma lafiya. Iska sai ta riƙa tserewa ta hanci, b da d da k su fito ba ƙarfi. Ba laifinki ba ne, ba kuma aikin kowa ba ne. In ita ce, ana gyara ta da tiyata, sannan darasin magana ya biyo baya, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin irin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama a ƙasar nan. Kada ki bari a taɓa mata beli, kada ki biya kuɗin darasi kafin a leƙa bakin. Ki kai ta Shika da sassafe, ki faɗa wa likita maganar nonon kamar yadda kika rubuto mini, ki kuma ɗauki muryarta a waya tana hira a gida, don yara kan yi gum a gaban likita.