Ƙanwata ta daina cin abinci, kullum sai ta ce ta ƙoshi

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ƙanwata ce, shekararta 17, a Agege muke zaune. Da ita ce mai cin tuwo har da neman ƙari, amma yanzu in an zuba mata shinkafa sai ta yi ta juya cokali tana tura ta gefen faranti, wai ta ci a gidan ƙawarta. Kullum cikin azumi take, Litinin da Alhamis har da ranakun da ba su ba. Rannan ina shara na tarar da abincin da Mama ta zuba mata a leda ƙarƙashin gado har ya fara wari, ga kwalin shayin rage ƙiba. In ta ɗan ci wani abu kuwa sai ta shige banɗaki ta kunna famfo. Ta rame har zobenta na zamewa amma sai ta tsaya gaban madubi ta ce ita fa tumbi gare ta. Mama ta ce iyayi ne, Goggo ta ce a sayo mata sha-ka-fashe, wasu sun ce sammu ne. Ni dai tsoro nake ji wallahi.
Daga wata 'yar uwa a Agege

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah Ya saka miki da alheri da kika sa ido a kanta. Tsoron nan naki yana kan hanya. Abin da kika lissafo ya yi kama sosai da ciwon da likitoci ke kira anoreksiya, wato mutum ya riƙa hana kansa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba, yana ganin kansa da jiki alhali ƙashi ne kawai ya rage. Shiga banɗaki da kunna famfon nan kuma sau da yawa amai ake kakarowa, ruwan don kada a ji ne. Ciwo ne na gaske da ya haɗa ƙwaƙwalwa da jiki, ya fi kama 'yan mata masu tasowa duk da maza ma yana kama su, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Mu da muka taso ana yabon mace mai jiki muna ɗauka ciwon Turawa ne, to yaranmu na Legas waya na hannunsu dare da rana, ga tsokanar ƙawaye, kalma ɗaya ta "kin yi ƙiba" tana iya zama mafari.

Ki lura min da waɗannan: al'adarta na zuwa ko ta ɗauke, gashinta na zuba a mataji, tana sa rigar sanyi a zafin nan na Legas, kumatunta sun ɗan kumbura ta wajen kunne, haƙoranta sun fara lalacewa. Yawan amai da shayin da ke sa gudawa suna zubar da sinadarin fotashiyam daga jiki, shi kuma in ya yi ƙasa bugun zuciya ke rikicewa. Don haka in ta suma, ko ta ce ƙirjinta na ciwo, ko ta yi amai da jini, ko ta fara zancen gara ta mutu, ranar za ku tafi asibiti ba jira.

Maganar sha-ka-fashe dan Allah ki roƙi Goggo ta bari. Irin ƙwayoyin nan wasunsu kumbura mutum kawai suke yi su jawo hawan jini da ciwon suga, kuma ba sa cire tsoron da ke ranta. Haka ɗura mata abinci da faɗa ko bulala, ƙara ɓoyewa kawai za ta yi, kuma jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi lokaci guda yana iya jawo matsala babba, shi ya sa likita ne ke tsara yadda za a riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan. Addu'a kam ku dage da ita, amma a haɗa da asibiti. Azumin nafilan ma a samu malamin da take jin maganarsa ya faɗa mata addini bai ce mara lafiya ya cutar da kansa ba.

Ke kuma ki same ta ku biyu, ba lokacin cin abinci ba, ba a gaban Mama ba. Kar ki ce mata "dubi yadda kika koma", kar ki yi zancen jikinta sam. Ki ce na ga ledar nan, ban zo faɗa ba, hankalina ne ya tashi, me ke damunki? Za ta iya musawa ko ta yi fushi ta daina miki magana kwana biyu, ki yi haƙuri ki sake komawa. Amma kar ki yi mata alƙawarin rufa asiri, yarinya ce, dole Mama da Baba su sani don su ne za su zauna da ita a kan kwano kullum in an fara magani.

Ku fara da asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja tunda ya fi muku kusa, ko na LUTH a Idi-Araba, a auna jininta da zuciyarta, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da masanin abinci. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Na san da an ce Yaba Mama za ta ce 'yarta ba mahaukaciya ba ce, ki lallaɓa ta, masu damuwa da rashin barci ma can suke zuwa su koma gida ranar. Ki tafi da kwalin shayin nan ki nuna wa likita, ki faɗa masa zancen famfo ko da ita ta ƙi faɗa. Ana warkewa, sai dai yana ɗaukar watanni, wani lokacin ya fi haka. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita, ina so in ji abin da gwajin jinin ya nuna.